Yadda Nahawun Turkanci Ya Tona Asirin Wani Malamin Hausa

Akwai wani malamin makarantar sakandare, mutumin birnin Zariya, wanda ya shafe shekara goma sha huɗu yana koyar da harshen Hausa kafin Allah ya nufe shi da tafiya ƙasar Turkiyya neman ƙarin ilmi. Mutum ne da ya san nahawu kamar yunwar cikinsa. In ya tsaya gaban allo yana rarrabe wa yara lokutan Hausa, tun daga shuɗaɗɗe na ɗaya har zuwa umartau, ba ya duba littafi, kuma a cikin lokutan nan duka babu wanda ya fi jin daɗin koyarwa kamar lokaci sabau, watau wanda ake ginawa da "kan", kamar a ce yakan zo, takan dafa, sukan yi hira bayan sallar isha'i. Yakan gaya wa ɗalibansa cewa da wannan lokaci ne ake gane halin mutum, domin abin da mutum ya yi sau ɗaya yana iya zama sa'a ko tsautsayi, amma abin da yakan yi shi ne shi. Bai sani ba ashe wata rana maganar nan tasa za ta bi shi har tsakiyar ƙasar Turkawa, ta ritsa shi a gaban wata malama wadda ko ƙanwarsa ta uku ta girme ta.

Hanyar da ya bi ba baƙuwa ba ce ga ɗaliban ƙasar nan. A shekarar 2012 gwamnatin Turkiyya ta tattara tallafin karatun da take bai wa baƙi a ƙarƙashin shiri guda, kuma sharaɗin shirin a fili yake: ko digiri na uku mutum ya zo yi, in bai iya Turkanci ba sai ya zauna shekara guda cur yana koyonsa, ya hau matakai tun daga A1 har zuwa C1, sa'an nan a buɗe masa ƙofar sashen da ya zo dominsa. Cibiyoyin da ake wannan karatu akasari ana kiransu TÖMER, sunan da ya samo asali daga cibiyar da Jami'ar Ankara ta buɗe a 1984. Malamin nan ya bar mata da 'ya'ya huɗu da mahaifiya tsohuwa, ya karɓi hutun karatu, abokan aiki suka yi masa walima, saboda haka komawa gida hannu rabbana ba ta cikin lissafinsa. Aka tura shi Konya.

Inna, watau mahaifiyarsa, da ta ji sunan ƙasar sai ta tambaya ko can ne Santambul, domin sunan da ta sani ke nan tun tana yarinya. To, Konya dabam, Santambul dabam. Konya birni ne da ke shimfiɗe a kan wani faffaɗan tudu a tsakiyar ƙasar, gonakin alkama kewaye da shi, mutanensa sun yi suna wajen riƙon addini, kuma a nan ne kabarin Maulana Jalaluddin Rumi yake, wanda ya rasu a 1273. Da hunturu dusar ƙanƙara takan rufe gari, kuma tun da Turkiyya ta daina sauya agogonta a 2016, a watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas. Agogon can yana gaba da na Nijeriya da awa biyu, rani da damina. Mai karatu ya riƙe wannan awa biyu, za a dawo kanta.

Watannin farko sun zo masa da daɗi da ɗaci. Daɗin shi ne ya tarar da tsofaffin sani a bakin Turkawa, kalmomin da su da Hausawa suka ɗebo daga rijiya ɗaya ta Larabci: "zaman" zamani, "dünya" duniya, "saat" sa'a, "kalem" alƙalami, "haber" labari. Ko da yake tun 1928 aka ajiye haruffan Larabci aka koma na boko, kuma hukumar harshe da aka kafa a 1932 ta yi ta sharar kalmomin aro, ba duka tsintsiya ta kwashe ba. Ɗacin kuwa wasula ne. Bahaushe yana da biyar, ya ja su ko ya gajarta, ya ɗaga murya ko ya sauke. Baturke yana da takwas, kuma uku daga ciki, "ı" da "ö" da "ü", babu inda harshen mutumin Zazzau ya taɓa gamuwa da su. Daɗin daɗawa wasulan nan ba su zama da kowa, wanda ya gabata shi ke zaɓar wanda zai biyo bayansa a ɗafa-ƙeya, ga shi kuwa Turkanci harshe ne na jera ɗafa-ƙeya ɗaya bayan ɗaya kamar taragun jirgin ƙasa, har abin da Bahaushe zai faɗa da kalma biyar ya dunƙule ya zama kalma guda. Ɗaliban da suka zo daga Kazakistan da Uzbekistan, waɗanda harsunansu dangin Turkanci ne, suna ta tsere. Shi da wani Basomale da 'yan Afganistan biyu suna biye sannu a hankali.

A matakin farko an koya musu lokaci mai ci, wanda ake yi da "-yor": "geliyorum" ina zuwa, "okuyorum" ina karatu. Da shi suka yi ta lallaɓawa har suka shiga mataki na biyu. Ran nan malama ta rubuta kalma biyu a allo, "geniş zaman", ta ce ma'anarsu lokaci mai faɗi. Da ta fara kawo misalai, rana takan fito daga gabas, kakana yakan sha shayi bayan kowace salla, maƙwabcinmu yakan tafi ƙauye da bazara, sai malamin ya ji kamar an kira sunansa a kasuwar da bai san kowa ba. Ai wannan sabau ne! Ya gyara zama. Abin da ya koyar shekara goma sha huɗu ne aka sauya wa riga.

Ƙa'idar ginin ba ta da tsawo, sai dai tana da ramuka. In saiwar aikatau ta ƙare da wasali, "r" kaɗai ake liƙa mata: "oku" ya zama "okur", yakan karanta; "bekle" ya zama "bekler", yakan jira. In ta ƙare da baƙi kuma gaɓoɓinta sun wuce ɗaya, sai a sa "ır" ko "ir" ko "ur" ko "ür" gwargwadon wasalin da ya gabata: "çalışır" yakan yi aiki, "öğrenir" yakan koya, "konuşur" yakan yi magana. In kuwa gaɓa ɗaya ce tak, "ar" ko "er" ne nata: "yapar" yakan yi, "içer" yakan sha, "kalkar" yakan tashi. Daga nan sai a ƙara wakilin mai aikin a can ƙarshe, alhali Hausa a farko take sa shi: "kalkarım" nakan tashi, "kalkarsın" kakan tashi, "kalkarız" mukan tashi. Ramin farko shi ne wasu aikatau goma sha uku masu gaɓa ɗaya da suka yi wa ƙa'ida tawaye suka bi ta masu gaɓa da yawa, kuma don rashin sa'ar ɗalibi su ne waɗanda baki ba ya yini bai taɓa su ba, irin su zuwa da gani da sani da bayarwa da karɓa da samu, watau "gelir", "görür", "bilir", "verir", "alır", "bulur". Babu dabara sai hadda. Biyu daga cikinsu ɗigo-ɗigon da ke kan wasali ne kaɗai ya raba su: "olur", wadda Baturke ke faɗa in ya yarda da magana, kamar a ce to ya yi, da "ölür", yakan mutu. Da malama ta matsa masa ya riƙa tsuke leɓe wajen "ö", sai ya wuce gona da iri ya shiga tsukewa inda ba a nema ba, har ran nan wani abokin aji ya ce su haɗu bayan la'asar, shi kuwa ya amsa masa da fara'a cewa yakan mutu.

Rami na biyu korewa ce. Mutum zai zaci za a kawo alamar korewa a ajiye kusa da "r" ɗin nan, ina, sai "r" ta ɓace ɗungum "z" ta maye gurbinta: "içer" yakan sha, "içmez" ba ya sha. In mai magana kansa yake nufi, ko shi da jama'arsa, "z" ɗin ma sai ta gudu: "içmem" ba na sha, "içmeyiz" ba ma sha. A nan ya ga wani kamanci da ya ba shi dariya, domin Bahaushe ma bai cika son kore sabau kai tsaye ba. "Ba nakan sha ba" tana cikin littafi, amma a bakin mutane "ba na sha" aka fi ji. Sa'an nan in aka jera tabbatarwa da korewa kafaɗa da kafaɗa sai wata ma'ana ta uku ta fito: "kalkar kalkmaz", wai yakan tashi ba ya tashi, nufinsa da tashinsa, ko yana tashi ke nan.

Wannan korewa ce ta fara nuna masa cewa lokaci mai faɗi ya fi sabau nauyi. A ginin da suke karatu akwai wani dattijo mai shayi, wanda yakan zaga da faranti cike da ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu. Wata Litinin malamin yana azumin nafila, dattijo ya miƙo masa kofi ya ce, "Çay içer misiniz?", domin da wannan lokacin ne Turkawa ke yin tayi da roƙo cikin ladabi. Shi kuwa yana ɗokin gwada sabon darasi, ya dafa ƙirji ya ce, "Ben çay içmem." Dattijo ya dube shi da tausayi ya wuce. Talata ya tsallake shi, Laraba haka, har mako uku, ga sanyi kamar zai tsaga ƙashi, kowa na kurɓa shi yana kallo, kunya kuma ta hana shi tambaya. Da ya gaji ya kai kuka wurin malama, sai ta yi dariya har da dafa tebur, ta ce ai abin da ya faɗa ya wuce maganar yau, shelar hali ya yi, cewa shi mutum ne da ba ya shan shayi. Da ya ce "oruçluyum", ina azumi, da an wuce wurin. Ta ƙara masa da wani misali da ya zauna masa daram: mai cewa "sigara içmiyorum" yana iya zama wanda likita ya hana wa taba a watan jiya, amma mai cewa "sigara içmem" yana gaya maka ko shi wane ne.

Daga nan ta faɗa musu abin da littafin aji bai fito da shi sosai ba. Baturke in yana ba da labarin yadda yake tafiyar da yininsa, sau da yawa "-yor" yake ɗauka, ya ce "her sabah yedide kalkıyorum", kamar dai yadda Bahaushe zai ce kullum ina tashi da bakwai. Wannan shi ne abin da zaman yanzu ya ɗora wa mutum, aiki ne ko makaranta, gobe yana iya sauyawa. Lokaci mai faɗi kuwa an fi ajiye shi domin abin da mutum ya ɗauka nasa ne, da gaskiyar da ba ta tsufa, da karin magana. Babu katanga tsakaninsu, ana tsallakawa kullum, amma kunnen ɗan gari yana jin bambancin.

Ba a jima ba aka ba su aikin gida wanda duk mai koyon baƙon harshe ya san shi: rubuta yadda kake yin yininka, shafi guda, da lokaci mai faɗi. Ya zauna a ɗakin kwanansu bayan isha'i, ya ga abin kamar shan ruwa. Alƙalami ya yi ta gudu. "Her sabah ezandan önce kalkarım", kowace safiya nakan tashi kafin kiran salla. "Sabah namazını camide kılarım", nakan yi sallar asuba a masallaci. "Camiden döner dönmez annemin odasına giderim", da dawowata daga masallaci nakan tafi ɗakin mahaifiyata. "İlacını veririm, radyosunu açarım", nakan ba ta maganinta, nakan kunna mata rediyo. Ya ci gaba da koko da ƙosai, da babur, da fita ta Ƙofar Doka, da aji, da bitar karatun yara bayan magariba, da hira a dakalin ƙofar gida. Jimla ashirin da biyu, bai yi tuntuɓe da ko ɗaya daga cikin 'yan tawaye goma sha ukun nan ba. Ya kwanta yana jin cewa gobe ranarsa ce.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan jimla ta uku. Shi ɗan fari ne, Inna kuwa ta tashi a zamanin alkunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa yi masa doguwar magana ido cikin ido ba. Tun rasuwar mahaifinsa, kowace safiya yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofarta ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana," ta amsa tana kallon tasbaharta, "Lafiya lau. An tashi lafiya?" Ya ɓallo ƙwayar maganin hawan jini ya ajiye a gefen buzu, ya murɗa mata rediyo, ta turo masa kwanon koko ba tare da ta ce ga shi ba. Duka-duka minti goma. Abin da ke tsakaninsu ke nan, kuma ya ishe su shekara tara.

Washegari malama ta bi takardu, ta kira shi gefen tebur. Da yake ta san aikinsa a gida, "hocam" take ce masa, watau malamina, kamar yadda shi ma yake ce mata. Ta ce ginin jimlolinsa babu na biyunsa a ajin. Sa'an nan ta ɗora bakin jan biro a kan jimlar farko ta ce, "Hâlâ mı?" Har yanzu? Ya ce i, har yanzu yakan tashi kafin kiran salla. Ta wuce. Masallaci fa, har yanzu? Ya ce akwai ɗan masallaci a ƙasan masaukinsu. Ta wuce. Da ta zo ta uku sai ta ɗago kai ta ce, "Hocam, mahaifiyarka a Konya take?" Ya yi shiru. Ta sa biro tsakanin "r" da "i" ta cusa harafi ɗaya, "d", nan take "giderim" ya koma "giderdim". Ta gangara, "verirdim", "açardım", harafi ɗaya ɗaya, ja wur, har ƙasan shafi. A cikin ashirin da biyu huɗu ne suka tsira. Ta ce kada ya damu, darasin mataki na gaba ne takardarsa ta riga shi isa, ma'anarsa a da nakan yi, kuma sunansa a nahawu "geniş zamanın hikâyesi". Bai buƙaci ƙamus ba. Hikaya ce, hikayar lokaci mai faɗi.

Abin da ya tsaya masa a rai a hanyar komawa masauki, cikin jirgin nan na kan titi da ke ratsa Konya, shi ne bai yi niyyar yin ƙarya ba, kuma a Hausa bai yi ta ba. Masana sun daɗe da lura cewa abin da ake kira lokutan Hausa sun fi kula da yanayin aiki, ko ya kammala, ko yana ci, ko an saba da shi, fiye da ranar da aka yi shi. "Nakan shiga ɗakin Inna" jimla ce da ba ta sauya kama, yau ne ko shekara ashirin da suka wuce. In mai magana ya ga dama ya ɗora mata "a da" a goshi, in bai ga dama ba ya bar mai sauraro ya cike da kansa. Wata huɗu ke nan yana maimaita wa kansa wannan jimla a zuci da Hausa, Hausa kuwa ta rufa masa asiri, ta bar shi zaune a Zariya alhali gangar jikinsa tana Konya. Turkanci ba shi da wannan kara. Aikatau ɗin da kansa sai ya faɗi ko abin yana nan ko ya wuce, kuma harafi ɗaya ya isa fallasa.

Aka ce ya sake rubutawa ya kawo ranar Litinin. Ya raba takarda. Rayuwar Zariya ta tafi hikaya gaba ɗayanta. Rayuwar Konya kuwa, layin karin kumallo da jirgi da aji da ɗakin karatu, da ya zo rubuta ta sai hannunsa ya ƙi ba ta lokaci mai faɗi, ya yi ta zuba mata "-yor", domin a ransa zaman wucin gadi ne. Ya duba abin da ya rage a tsakiya, wanda zai iya cewa nasa ne ko ina yake, ya tarar da salla da karatun Alƙur'ani da rashin shan taba. Babu Inna a ciki.

To, a nan ne awa biyun nan ta shigo. Ranar da zai bar gida, da ya durƙusa yin sallama, abin da ta ce kawai shi ne Allah ya tsare, ya ba da abin da aka je nema. Shi ne da bakinsa, ba wanda ya tambaye shi, ya ce zai riƙa kira kowace safiya. Watan farko ya cika alkawari. Amma Inna ba ta da wayar da ke shiga intanet, sai an kira ta matar ƙanensa ta WhatsApp a kai mata. In ya idar da asuba a Konya, a Zariya alfijir bai keto ba, ba zai ta da matar ƙane a wannan lokaci ba. In gari ya waye a Zariya, shi yana hanya ko yana aji. In ya fito, ko wayar ba caji ko mai wayar ta tafi unguwa, da dare kuma ga aikin gida jibge. Kullum ta koma bayan kwana uku, bayan kwana uku ta koma Juma'a, Juma'ar ma ta fara tsallake. Kowane dalili gaskiya ne in aka ɗauke shi shi kaɗai. Da ya buɗe wayarsa a daren nan ya ƙirga, kwana goma sha tara rabonsa da jin muryarta. A ƙasa kuma ga saƙon murya daga ƙanwarsa, wanda ya saurara tun makon jiya ya yi dariya ya wuce: wai Inna ta ce a tambayi mutumin Turkiyya ko sanyin ne ya kama masa baki. Duk wanda ya san irin su Inna ya san wannan ya fi ƙarfin raha, iyakar abin da alkunya za ta bari ya fito ke nan.

Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a sashen tsakiya, "Her sabah annemi ararım", kowace safiya nakan kira mahaifiyata. Ya zauna yana kallonta. Da ɗalibi ne ya kawo masa irin wannan a Zariya, ya san abin da zai ce masa. Ya gwada "bazen", wani lokaci, a madadin "her sabah", jimla ta zama gaskiya amma ya kasa kallonta. Ya gwada cusa mata "d" da kansa, "arardım", ya ga kamar ya sa hannu a takardar sallama. Yana cikin wannan hali sai ya tuna inda ya fi jin kalmar nan "ararım" a bakin Turkawa. Wajen rabuwa ne: mutum ya ɗaga hannu yana tafiya ya ce "ararım", nufinsa na kira ka. Ashe faɗin lokacin nan ya miƙe har cikin gobe. Turkanci yana da nasa lokaci na gaba mai yanke magana, "arayacağım", zan kira, amma in alkawari ne na son rai, ko abin da ake kyautata zaton zai faru, sai a koma wa mai faɗi. Wannan kuwa shi ne lokaci na gaba na biyu a Hausa, na "ma gani" da "ka ji a jikinka" da "na zo in Allah ya so", wanda yakan sha wahalar nuna wa yara a allo saboda rubutun boko ba ya nuna faɗuwar murya. Abin da Hausa ta raba gida biyu, nakan kira da na kira, Turkanci ya zuba shi a kalma guda. Ya bar jimlar yadda take.

Da safiyar Asabar ya kira wayar matar ƙanensa ya ce don Allah a kai wa Inna. Aka kai mata, ta ce, "Wane ne?" Ya ce, "Inna, ni ne. Ina kwana." Ta ce, "Au, mutanen Turkiyya ne. Ashe kuna nan." Ba ta ƙara ko kalma a kan kwanakin ba, shi ma bai kawo dalili ko ɗaya ba. Lahadi ya sake kira.

Ran Litinin jan biro ya sauka a kan sabuwar jimlar. Malama ta dube shi ta ce, "Âdet mi, söz mü?" Al'ada ce ko alkawari? Shi kuwa ya san kwana biyu ba su isa a kira su al'ada ba, sai ya ce, "Söz, hocam." Ta ɗage biro, ta ce nahawu ba shi da ta cewa a nan, ta juya shafi.

Sauran aikin ba na aji ba ne. Ya rage daga kuɗin abincinsa na wata biyu ya aika wa ƙanensa, aka sayo wa Inna waya tata ta kanta, aka koya wa wata jikanya yadda za ta danna mata. Ita ce ta yanke lokaci: bayan ta idar da lazimi, kafin a kunna rediyo, watau wajen shida da rabi na Zariya, takwas da rabi na Konya, daidai sa'ad da yake tsaye a tashar jirgi cikin taron ɗalibai da ma'aikata. A nan ake gaisuwar. Masu jiran jirgi a wannan tasha suka saba ganin wani baƙo mai doguwar rigar sanyi da hula, wanda da zarar an ɗauki wayarsa sai ya rage tsawo, gwiwa ta kusa taɓa ƙanƙara, shi kuwa bai san yana yi ba sai da Basomalen nan ya kwaikwaya masa.

Ya ci jarrabawar C1 a ƙarshen shekara ya shiga sashensa. Akwai ranakun da kiran ya faɗi, makon jarrabawa, da wani karo da wuta ta yi kwana uku ba ta leƙo unguwarsu a Zariya ba. Hirar ba ta wuce yadda take a bakin ƙofa ba: an tashi lafiya, an sha magani, ya sanyi. Ran nan dai ta ɗan zarce, ta tambaye shi abin da suke karyawa da shi a can. Ya lissafa mata zaitun da cuku da burodi da shayi.

"Ba koko?"

"Babu, Inna."

Ta yi shiru kaɗan, ana jin jikanya tana murɗa rediyo a bayanta.

"To, Allah ya kyauta. Kashe haka nan, kada kuɗinka su ƙare."